Jawabin Taron Katako: Wa Zai Biya Kuɗin Likita, Da Na Lakwal, Da Na Ruwa?



Iyayenmu dattawa, Alhazai, shugaban ƙungiya da ƴan biro, ƴan uwa na nan Katako da waɗanda sunka taso daga Bukoki da Lazare da Wadata, muna gaishe ku da zuwa. Mun gode ma mai wanga shago da ya kau da katako da kwanon rufi ya shimfiɗa mana tabarmi. Allah shi saka mashi da alheri.

An sa mu yin magana bisa takarda biyu da sunka zo daga gida. Ta farko daga kwamitin likitar garinmu take, sun ce kantar magani ta kusa zama wayam, suna biɗar taimakon ƙungiya. Ta biyu daga ofishin magajin gari, ana shawarar a ɗauki shaton ruwanmu a danƙa ma ɗan kasuwa shi riƙa, shi saida ruwan, shi yi gyara. Tun da takardun nan sunka iso, mutanenmu sun rabu biyu. Wasu na cewa aikin gwamnati ne, kada ƙungiya ta sa ko dala. Wasu na cewa a ba ɗan kasuwa komi da komi, har likitar, shi ne ya iya riƙo. An yi ta musu a gindin teburin mai shayi har abin ya so shi zama rigima. To, ruwa ba ya tsami banza. Wanga musu ya girmi ƙungiyarmu, ya girmi da yawa daga cikinmu, shi ya sa munka ga ya kamata a koma baya a ga inda ya faro kafin a ɗaga hannu.

Mu fara da abin da munka sani. Babu mai koya ma mutumin Katako kasuwa. Nan ake narka tsohon gwangwani da guntun injin mota a zuba tukunya, nan ake yanka tsohuwar tano a fid da murhu da akwati. Mai saye in ya taya, mai kaya ya ce albarka, sai shi matsa runfa ta gaba. In tukunyarka tana yoyo, gobe ba ka ganin shi, shina wurin maƙwabcinka. Wagga tafiya da mai saye ke iya yi ita ke riƙe da farashi, ita ke sa maƙeri shi gyara aikinshi ba sai an sa mashi ɗan sanda ba. Duk wanda ya ce kasuwa ba ta da amfani bai taɓa ciyar da gida da ita ba.

Amma ku dubi macen da naƙuda ta kama da tsakar dare a garinmu. Ina runfa ta gaba? Likita ta biyu tafiyar rabin yini ce a amalanke. Uban yaron da zazzaɓi ya kayar ba shi taya magani, ba shi cewa bari in zagaya in dawo. Duk abin da anka ce mashi zai biya, ko da sai ya saida akuya da rabin kuɗinta. Haka mai ƙishirwa a garin da shato ɗaya ne. Haka yaro ɗan shekara 7, wanda bai san ko mushenshi ya iya aikin ba, sai bayan shekara 6 a ga bai iya karanta sunanshi. Inda mai saye ba shi iya juya baya, abin da ke gyara kasuwa ya faɗi, ciniki ya zama na mutum ɗaya.

Iyayenmu, kun fi mu sanin zamanin da za mu ambata, mu a takarda munka karanta shi. Janar Seyni Kountché ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na cikin yunwa. Sai Allah ya kawo kuɗin uraniyom na Arlit, baitulmali ya cika na ƴan shekaru. Kun ba mu labari: a je likita a sha magani ba a biya ba, ɗan lakwal a ba shi kaye da alƙalami, wanda ya ci jarrabawa ya tafi kwaleji a ciyar da shi, in ya gama aiki na jiran shi. Gwamnati ce ke sayen gujiya ta hannun SONARA, ita ke ajiye hatsi ta hannun OPVN, ita ke ba da bashi ta hannun UNCC. Gaskiya ne, an yi haka. Sai dai kada daɗin tunawa shi rufe mana ido. A waɗancan shekaru yaran da ke shiga lakwal a Nijar ba su kai 3 cikin 10 ba. Garinmu ba shi da likita sam. Kyautar tana nan, amma mafi yawanta a birni ta tsaya, ga wanda ke kusa da ita.

Da shekarun 1980 sunka kama, farashin uraniyom ya faɗi, bashin da anka ciwo ya tsaya a wuya. A 1983 gwamnati ta sa hannu da Asusun Lamuni na Duniya, wato FMI, a 1986 kuma da Bankin Duniya. Ba Nijar kaɗai ba, kusan duk ƙasashen Afirka sun sha wanga magani, har maƙwabciyarmu Najeriya a zamanin Babangida. A lokacin ra'ayin da ke tashe a Ingila ta Thatcher da Amurka ta Reagan shi ne gwamnati ta janye hannunta, kasuwa ta yi aikin. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ko'ina: a rage kashe kuɗi, a daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki, a saida kamfanonin gwamnati ko a rufe su, wanda ya amfana da aikin gwamnati shi biya. UNCC ta watse, SONARA ta mutu, bankin BDRN ya rufe a 1990 da kuɗin mutane a ciki. Wasu daga cikin kamfanonin nan, mu faɗi gaskiya, manya sun riga sun cinye su da bashin da ba a biya, ba Bature ya kashe su ba.

Wa anka tambaya? Nan siyasar take. Ƴan makaranta suna da ƙungiyarsu USN, ma'aikata suna da USTN, su sun iya fitowa titi. Ran Juma'a 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai sunka taso daga jami'a za su ƙetaro Gadar Kennedy don ƙin tsarin da anka shirya ma ilimi, anka buɗe masu wuta, 3 sunka mutu. Jinin nan na cikin abin da ya kai mu ga Taron Ƙasa na 1991. Amma manomin Adar babu wanda ya kira shi shawara, lokacin da anka sa hannu ko lokacin da ake gardama. Shi dai ya wayi gari ya ga sakamako. Ran 12 ga Janairu 1994 anka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100. Magani daga waje yake zuwa, sai kuɗinshi ya yi sama. Ma'aikata na yin watanni babu albashi. Cikin waɗannan shekaru ne masu tallar ƙwayoyi a faranti sunka cika kasuwanni, kuna ganin su har yau suna ratsa layukan Katako da rana ta gasa kayansu.

To ga wurin da muke so ku saurara da kyau, don ya shafi ƙasarmu ta Illela kai tsaye, kuma da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin labarin ba.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka sunka taru a Bamako tare da OMS da UNICEF, sunka amince jama'a su riƙa sa hannu a kuɗin magani, tun da kyautar ta zama suna kawai, likita na nan magani babu. Kafin Nijar ta shimfiɗa abin a ƙasa duka, sai anka yi gwaji a 1993 a yanki uku. A Say anka ce duk wanda ya zo da ciwo shi biya a bakin ƙofa: babba dala 40, yaro dala 20. A Boboye, ƙasar Birnin Gaure da muke ratsawa duk lokacin da za mu gida, anka bi wata hanya dabam: kowane mai biyan lanho a ƙara mashi dala 40 a shekara, ko ya yi ciwo ko bai yi ba, sa'an nan in ya zo likita shi biya ɗan kaɗan, babba dala 10, yaro dala 5. Duka biyun anka zuba masu magani na farawa, anka horas da ma'aikatansu. Yanki na uku shi ne Illela. Mu ba a taɓa mu ba, an bar mu yadda muke don a auna sauran da mu. Kun ga ashe mun yi ma ƙasa aiki ba mu sani ba, ba a kuma biya mu lada ba.

Da anka duba sakamako, a Boboye mutane sun ƙara zuwa likita ƙwarai, kuma talakawan da da ba su zuwa su ne sunka fi ƙaruwa. A Say magani ya samu, amma ƙaruwar ba ta kai ta Boboye ba. Dalili a fili yake, kowane magidanci a nan ya san shi. Dala 40 a lokacin kaka, rumbu cike, ba komi ba ne. Dala 40 ɗin nan a watan Agusta, hatsi ya ƙare, ana tsakiyar noma, sauro ya yi yawa, yara uku kwance, ita ce ke sa uwa ta ce bari mu ga gobe. Goben nan ita ke kashe ɗiya. Kuɗin ɗaya ne, lokacin biya da yawan masu ɗaukar nauyin ne sunka bambanta. A Say marar lafiya shi kaɗai ke ɗauka, ran da ya fi kowa rauni. A Boboye gari duka ke ɗauka, tun ana lafiya.

A 1995 anka yi dokar biyan kuɗin magani. Abin da ya bazu a ƙasa kuwa shi ne irin na Say, tike a bakin ƙofa. A ganinmu dalili bai wuce sauƙi ba. Tara lanho aiki ne mai wuya da jan baƙin jini, kuɗin da ya shiga asusun hukuma kuma fitowarshi sai an yi ta bi. Tike kuwa nan take yake shiga akwatin majo. An zaɓi abin da ya fi sauƙi ga mai karɓa, ba wanda ya fi sauƙi ga mai biya ba.

Daga baya iska ta juya. A zamanin Tandja Mamadu, bayan an yafe ma Nijar wani kaso na bashinta, anka gina ɗakunan magani da azuzuwa a karkara da yawa. A 2005 anka ce fiɗar haihuwa kyauta ce, a 2006 anka ƙara da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Kada kowa shi raina wanga mataki. Wani bincike da anka buga a 2012 ya nuna cikin yara 1000 da anka haifa, waɗanda ke mutuwa kafin shekara 5 sun sauko daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma maganin kyauta da gidan sauro da kusantar likita na cikin abin da ya kawo haka. Akwai samari zaune cikinmu yau da wataƙila ba don shi ba da ba su nan.

Amma ku ji yadda anka ɗaura kyautar. Majo shi ba yaro magani bai karɓi kuɗi ba, shi rubuta takarda shi aika, gwamnati ta maida mashi, shi sake sayen magani. Sai maidawar ta riƙa yin latti, watanni, wani wuri shekaru, bashin ya taru ya kai miliyan dubbai. Akwatin likita da tike ke cikawa ya bushe, tun da yara su ne mafi yawan masu zuwa. Ƙarshenta uwa ta zo, a duba yaro kyauta, a miƙa mata ordonansi ta tafi farmasi ta saya da tsada. Shi ne abin da kwamitinmu ke kuka da shi a takardarsu. Shelar kyauta a rediyo tana da daɗin ji, tana kuma kawo ƙuri'a. Zuba kuɗinta a kasafi kowace shekara shi ne aikin da ba a yi ma kiɗa. A 2024 hukumomin soja sun rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi tun daga 1 ga Satumba. Mun yi murna, kowa ya yi. Tambayar da za mu riƙa yi ita ce wadda ba a yi ba a 2006: rabin da anka cire, wa ke cika shi a akwatin likita, kuma yaushe?

Ku yi mana haƙuri mu taɓa lakwal, mushe ba shi wuce ƙofar aji bai leƙa ba. Masu ba da bashi sun duba sun ce malamin Nijar ya yi tsada, da albashin mutum ɗaya ana iya ɗaukar biyu ko uku. A 1998 anka fara ɗaukar waɗanda ake ce ma ƴan sa kai, a kan jika 35 a wata, daga baya sunka zama ƴan kwantaragi, har sunka fi malaman dindindin yawa nesa ba kusa ba. Wasu sun bi ta ekol normal kamar mu, wasu horon ƴan makonni anka yi masu anka miƙa masu alli. Lissafin ya ci ta gefe ɗaya, don cikin shekara 10 daga 2000 kason yaran da ke shiga lakwal ya ninka, garuruwan da ba su taɓa ganin tuta ba sunka samu aji. Ta ɗayan gefen kuwa araha ba ta ado. Mu da munka fara da kwantaragi mun san abin: ƙarshen wata shi wuce babu labari, in kuɗin ya zo a rufe aji kwana biyu ko uku a tafi karɓa, mai shago na jira da littafin bashi. Wanda ya samu wata hanya sai shi aje allin shi tafi. A watan Yuli 2017 anka yi ma ƴan kwantaragi jarrabawa a ƙasa duka, sakamakon ya ba kowa kunya, anka sallami dubbai. An zagi malamai a lokacin, wasu sun cancanta. Wanda ya ɗauke su da arha ya tura su aji babu horo, shi ba a yi mashi jarrabawa ba.

Azuzuwan ma haka. Da yara sunka yi yawa gini bai kai ba, sai runfar zana. Ran 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama irin waɗanga azuzuwa a unguwar Pays-Bas nan Yamai, yara 20 da wani abu sunka rasu. A watan Nuwamba na shekarar anka sake yin haka a Maraɗi. Allah shi jiƙan su. Yau duk wanda cinikinshi ya ɗan yi kyau a cikinmu sai shi cire ɗanshi shi kai lakwal mai kuɗi, ba mu ga laifinshi ba. Sai dai duk lokacin da mai baki ya cire ɗanshi, lakwal ɗin gwamnati ta rasa mai yi mata faɗa, ta rage ga ɗiyan wanda ba a jin muryarshi.

Kamfanoni ba za mu daɗe a kansu ba. A 2001 anka ba kamfanin Faransa Vivendi, wanda ya zama Veolia, kaso 51 cikin 100 na SEEN mai rarraba ruwa a birane, kadarorin kuma sunka zauna hannun gwamnati a SPEN. Pampo ya shiga gidaje da yawa a shekarun, wannan ba a musun shi. Amma mu da ke haya a gidan da babu pampo muna sayen bido ga ƴan garuwa, mun fi mai kwantar a gidanshi biyan tsada kan kowace lita. Yarjejeniyar ta ƙare a ƙarshen 2023, kamfanin gwamnati NDE ya karɓa a 2024. SONITEL ma an saida ta a 2001, ba ta yi kyau ba, gwamnati ta maido ta, a 2016 ta shiga cikin Niger Telecom. Amma wayar salula da ke aljihun kowa a nan ƴan kasuwa sunka kawo ta, kuma ta yi aiki, don in wanga layi ya dame ka sai ka sayi na wancan. Runfa ta gaba tana nan.

Sau ɗaya talakan birni ya ce a'a anka ji shi. A farkon 2005 anka ɗora harajin TVA na kaso 19 cikin 100 bisa madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta. Ran 15 ga Maris jama'a sunka cika titunan Yamai, mako na gaba anka yi ranar zaman gida, kasuwanni sunka rufe, da yawa daga cikinku kun sa ma shagunanku kwaɗo ran nan. An kama su Nuhu Arzika, amma a watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. A shekarar nan ce kuma yunwa ta faɗa ma karkara, anka daɗe ana saida hatsi da rangwame don kada a ɓata kasuwa, mutanen da ba su da ko kuɗin rangwamen na kallo, sai wajen Agusta anka fara rabon kyauta. Birni ya yi ihu wata ɗaya an ji shi. Ƙauye ya yi shiru wata shida.

Yanzu mu dawo ga takardunmu.

Ga masu cewa kada a sa ko dala, muna tare da ku a rabin maganar. Bashin maganin yara na gwamnati ne, kuma in munka cika ramin muka yi shiru, mun koya mata ta manta da mu. Wanga haɗari ne na gaske. Don haka ƙungiya ta rubuta ma hukumar lafiya ta yanki, da sa hannun mai gari, ta tambayi nawa ake bin ta da ranar biya, ta kuma sake rubutawa in ba a amsa ba. Amma takarda ba ta sauke zazzaɓi, damina kuwa ba ta jiran amsa. Kuma ku duba littafin ma'aji: asusunmu tuni yake biyan kuɗin ciwo, sai dai a mafi munin lokaci. Waya ta zo da dare, wane na kwance, a zaga runfuna da faranti, a aika kuɗin mota zuwa Tawa ko Galmi bayan ciwo ya ci jiki. Wani lokaci abin da munka tara na jinya shi ke zama na likkafani. Muna bin hanyar Say ba mu sani ba.

Shawararmu ita ce mu gwada ta Boboye da hannunmu. Kowane magidanci a gida shi ba da tiyoyin hatsi da za a yanka, lokacin kaka. Mu na Yamai da na Abija da na Libiya mu ba da namu da kuɗi, sau ɗaya a shekara. Duk gidan da ke cikin littafi, in nasu ya je likita asusu shi biya kaso mafi yawa na tike da magani, shi kuma shi biya ɗan kaɗan. Gwauruwa da marayu da tsohon da ba shi da kowa a rubuta su ba tare da an karɓi komi ba, dattawa sun san su gida gida. Wani zai ce, in na biya ban yi ciwo ba fa? Alhaji, in haka ta faru ka yi sadaka ka gode ma Allah, kai ne ka fi kowa riba a shekarar.

Inda abin zai lalace, in zai lalace, wurin riƙon kuɗi ne, kuma nan ba mu da bakin zagin gwamnati. Shatonmu kwamiti ne na ƴan gari ya riƙe shi. Kuɗin ruwa ya riƙa tafiya a rance, wane zai yi suna, wane zai yi baƙi, babu mai iya ce ma kawunshi a'a. Ran da inji ya tsaya anka buɗe akwati babu abin sayen ko bel. Wata nawa matanmu sunka yi suna jan wasaki a rijiya mai gaba da yawa, kun sani, hannuwansu sun shaida. Ba FMI ta yi mana wannan ba. Saboda haka kuɗin lafiya kada shi kwana a ɗakin kowa. A buɗe mashi ajiya dabam, ba a fid da ko dala sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga nan, ɗaya daga gida, ɗaya daga cikin mata, tun da su ke ɗaukar yara zuwa likita, su sunka san ran da magani ya ƙare. Kowane saye da rasit. A karanta lissafi a taron Salla, a kuma buga shi a wagga takarda tamu.

Maganar shato kuwa, dokar ruwa ta 2010 ta sa irin waɗanga kayan a hannun kwamin, kuma ba ɗan kasuwa riƙo abu ne da anka yi a garuruwa da yawa. Ba mu ce a ƙi ba. Baƙon da ba shi da kawu a garin wataƙila ya fi mu iya cewa babu bashi. Sai dai ku tuna shato ɗaya ne, duk wanda ya riƙe shi ya riƙe maƙogwaron gari. Tun da babu runfa ta gaba, takardar yarjejeniya ce za ta tsaya a madadinta. A rubuta shekarun riƙon. A rubuta kuɗin bido a bangon kowane pampo, kada shi canza sai da yardar kwamin da ƙungiyar masu shan ruwa. A riƙa karanta kwantar gaban shaidu. Kason da ake warewa don sake inji shi shiga ajiyar da ɗan kasuwan ba shi iya taɓawa shi kaɗai. A kuma faɗi kwana nawa ruwa zai yanke kafin a ce ya saɓa alkawari. In magajin gari ya kawo takardar da babu waɗannan, wakilanmu su ce a dakata, su maido ta nan mu karanta tare, da Faransanci da Hausa.

Ofishin magajin gari na jiran amsa kafin ƙarshen wata, don haka yau ne za a fid da mutum uku da za su tafi gida, ƙungiya ta ɗauki kuɗin motarsu. Yawan tiya da yawan kuɗin shekara ba mu yanka ba, mun bar ma dattawa. Ma'aji na nan bakin ƙofa da sabon kaye, kowa shi rubuta sunan gidansu da yawan mutanen da ke ciki kafin shi fita, har da jarirai. Wanda ke da ɗan uwa a Abija ko Agadas shi kira shi cikin makon nan shi gaya mashi. Shugaba, ga magana ta dawo gare ka.